Tsohonka Ya Faɗi

A shekarar da na fara koyarwa a Jimeta, ba abin da nake taƙama da shi kamar Hausata. Tsawo ban da shi, kyau ma dai sai a hankali, kekena kuwa tsoho ne mai kukan sarƙa, amma in dai batun "ya" da "ta" ne, ban ga mai ja da ni ba daga cikin Yola har bakin Binuwai. Mahaifina Bakano ne, maɗinki, ya sauka a unguwar Wuro Hausa cikin Yola tun yana saurayi ya zauna. A bakinsa na sha Hausar. Mahaifiyata kuwa, wadda muke kira Dada, Bafulatanar Yola ce, kuma a Hausarta kowa namiji ne: kaza ya yi ƙwai, amarya ya tare, maƙwabciya ya haihu. Haka yawancin mutanen garin suke magana, don Fulatanci bai raba mace da namiji a irin wannan wuri. Ni kuwa tun ina firamare na naɗa kaina mai gyara musu baki, ba tare da kowa ya roƙe ni ba.

Dada ba ta jin haushi. Takan rufe baki da gefen zane ta yi dariya, ta ce wa ƙanwarta, wadda muke kira Yafendo, "Ji shi, Bakano ya tashi." Da Yafendo take maganar, ba da ni ba. Ni ne ɗanta na fari, kuma kunyar ɗan fari a wurinta ba abin wasa ba ce. Ba ta haɗa ido da ni, ba ta zama a tabarmar da na zauna, sunana kuwa ban taɓa jin sa a bakinta ba. In tana so a kira ni, sai ta ce, "A kira wancan." Amma ƙwaryar furata kullum ta fi ta kowa kauri, kuma na san hannun da ya dama.

Baba shi ne akasinta. Sunana ba ya barin bakinsa, ko allura ce ta faɗi sai ya ƙwala mini kira. Mutum ne mai son a taru a kansa. Ciki ya ɗan murɗa masa, sai ya kwanta ya miƙe ƙafafu, ya sa a tara mu ya fara wasiyya: keken ɗinki na wane, babban almakashi na wane. Sau uku ina halartar wasiyyar nan kafin in gama makaranta. A ta ƙarshe ma ba a kai ga almakashi ba ya ce a ɗumamo masa tuwo.

Lokacin ba a daɗe da yanka jihohi ba, harkokinmu duk sun koma hannun Maiduguri. A makarantar da aka tura ni akwai babban malamin adabi, Kirista ne daga duwatsun kudancin Adamawa, ya yi karatu mai zurfi a kudu ya dawo da akwatin littattafai da tari mai naci. Shi ma a Hausarsa babu mace. "Ɗan Kano" yake kirana, ni kuma in ce masa Babban Malam. Cikin littattafansa akwai wani ƙarami da bango ya rabu da shi, na wani masanin Girkawa na zamanin da, a kan yadda ake tsara waƙa da wasan kwaikwayo na alhini. Wannan littafi ya shiga ransa fiye da kima. Da an tashi tara sai ya ja ni gindin mangwaron da ke bayan ofishin malamai, ya buɗe shi a cinya, ya hana ni shan iska.

A wurinsa na ji cewa sunan irin wannan wasa a harshensu yana nufin waƙar bunsuru, abin da ya sa ɗalibai suka laƙaba wa darasinsa "ajin bunsuru". A wurinsa na ji cewa labarin dole ya zama abu guda, mai farko da tsakiya da ƙarshe, kuma an fi so ya ƙare tsakanin fitowar rana da faɗuwarta. Ba a kashe mutum a idon 'yan kallo, can ciki ake mutuwa, sai ɗan aike ya fito ya ba da labari. Wanda masifar za ta faɗa wa kuma bai kamata ya zama waliyyi ba, bai kamata ya zama ɗan iska ba, mutum ne irinmu. Mafi ciwo, in ji shi, shi ne abin ya faru tsakanin jini ɗaya, mutum ya aikata bai sani ba, sai bayan ya gama idonsa ya buɗe. In buɗewar idon ta zo tare da juyewar al'amari, murna ta koma kuka a numfashi guda, to mawaƙi ya iya aikinsa. 'Yan kallo su ji tausayi, su ji tsoro, su koma gida zuciya a wanke.

"Kamar maganin wankin ciki," in ji shi, yana buga littafin da yatsa. "Ka sha, ka sha wuya, ka tashi sakayau."

Kalma ɗaya ce ta hana shi sakat. Akwai abin da ke kayar da mutumin kirki a irin wannan wasa, kuma yana so ya faɗa wa yara da Hausa. Ya ce zunubi. Na ce a'a, mai zunubi ya san abin da yake yi. Ya ce laifi. Na ce laifi sai gaban alƙali. Na tambaye shi asalin kalmar a wurin masu ita, ya ce daga harbi take, mutum ya saki kibiya ta wuce abin da ya auna.

Na ce, "Ai wannan kuskure ne, Babban Malam. Maharbi ya kuskure barewa. Da ma muna da ita."

Ya miƙe tsaye har littafin ya faɗi ƙasa. "Ɗan Kano! Ashe Girkawa Hausa suke ji!" Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Ni kuwa ranar kaina ya ƙara girma, na koma ɗakina a unguwar Nassarawo ina jin kamar ni na rubuta littafin.

Daga nan ya ƙudurta sai mun yi namu wasan, da Hausa, a kan ƙa'idar Girkawa. Shi ya tsara labarin: wani mai fito a Binuwai, lokacin cikar ruwa, wani baƙo da ya rufe fuska da rawani ya roƙe shi ya ƙetarar da shi. Mai fito ya ce ya jira, yana da manyan mutane da zai fara kaiwa. Baƙo ya gaji da jira ya faɗa ruwa da iyo, ruwa ya ci shi. Da aka tsamo gawa, sai ga layar mahaifinsu a damtse. Ashe ƙanensa ne da ya ɓace shekaru. Aikina shi ne in bi rubutun da jar biro, in mayar da kowace "ya" da ta ɓata hanya gidanta. Na yi aikin da zalama, shafi bai tsira daga hannuna ba sai ya yi jajawur. Da aka rasa ɗalibin da zai iya haddace dogon jawabin ɗan aike, Babban Malam ya ce ni zan yi. Ban ko yi kawaicin ƙi ba.

Aka sa ranar wasa ta dace da zuwan sufeton makarantu daga Maiduguri. Bazara ce, irin zafin Jimeta da ke sa kwano ya yi ta ƙara shi kaɗai. Za a fara bayan azahar.

Da hantsi ina cikin zauren taro, ina gwada zanen gado da zan yafa, aka ce ana sallama da ni. Na fita na tarar da Kawu, yayan Dada, riƙe da keke, gumi ya jiƙa masa riga har ƙugu. Dillalin shanu ne, dogo, marar yawan magana, kuma da Hausa yake yi mini magana tun ranar da na yi wa Fulatancina dariya a gabansa na ce ni Bakano ne. Na durƙusa na gaishe shi. Bai tsaya dogon gaisuwa ba.

"Ticha," ya ce, "tsohonka ya faɗi."

"Yaushe, Kawu?"

"Da sassafe. A bakin rijiya. An ɗauke shi an kai ɗaki." Ya share fuska da hannun riga. "Yana kiran sunanka."

A raina na ce, yau ma wasiyya ta tashi, kuma sai ranar da sufeto zai zo. Har na ji haushi ya taso mini. A fili kuwa na ce, "Allah ya sawwaƙe. Na ji, Kawu."

Ya dube ni, wani irin kallo da ban fassara ba sai daga baya. "Sunanka fa nake gaya maka. Da bakinsa."

"Na ji. Ka gaya masa muna da baƙo daga Maiduguri, da an tashi wasa ina nan tafe. Ba zan wuce la'asar ba."

Kawu ba ya roƙon ɗan ƙanwarsa abu sau uku. Ya ce, "To." Ya juya keke ya hau, ko ruwa bai sha ba.

Wasa ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Zauren ya cika har tagogi. 'Yan amshi suka jera suka rera nasu ba tangarɗa, kowace "ta" a mazauninta. Da lokacina ya yi na fito a guje, yafe da zanen gado, na tsaya gaban mai fito na ba shi labarin yadda baƙo ya shiga ruwa, yadda kansa ya ɓullo sau biyu, yadda ya ɗaga hannu yana kiran wani suna da iska ta hana a ji. Na ga matar wani malami tana share hawaye da ɗankwali. Na ga Babban Malam a gefe yana motsa leɓe tare da ni. Sufeto ya riƙe hannuna ya ce bai taɓa jin Hausa mai tsabta haka a wannan yanki ba. Na tsaya na sha yabon har ƙarshe, sannan na naɗe zanen gado a hankali, na ɗauki keke.

Ina kan hanyar Yola aka yi kiran la'asar. Ban yi sauri ba. Ina tafe ina maimaita jawabina, ina shirya yadda zan ba Baba labarin sufeto, don na san zai warke nan take.

Da na karyo kwanar layinmu sai na hango tabarmi a ƙofar gida, maza zaune jeri-jeri, takalma a gefe. Na ce shi ke nan, wannan karon da gaske yake, kuma na bar shi yana kirana. Tsakanin kwanar nan da ƙofar gida, tafiyar da ba ta kai a ƙirga ba, na yi wa Baba kukan da ban san ina da shi ba. Na tuna yadda yake lasar zare kafin ya zura a allura. Na jefar da keke a tsakiyar hanya na nufi tabarmin.

Sai wani ya miƙe daga cikin mutane, ya nufo ni. Baba ne. Da ƙafafunsa, da tsohuwar hularsa, lafiya lau.

"Alhamdu lillahi!" Da ƙarfi na faɗa, kowa ya ji. Na rungume shi ina dariya, hawaye na zuba. Wannan dariyar ita ce abin da har yau in na tuna nake rasa inda zan sa kaina. Na ji jikinsa a sandare, bai rungume ni ba. Ta saman kafaɗarsa na hango Kawu zaune, kai a sunkuye, mutane na miƙa masa hannu ɗaya bayan ɗaya.

Baba ya ce, a hankali, da Hausarsa ta Kano wadda ba ta kuskure, "Ta tafi. Ana kiran la'asar ta cika."

Ta. Harafi biyu, waɗanda na shekara ina cusa wa mutane a baki. Da Kawu ya zo da su da hantsi, da ko takalmi ban tsaya nema ba.

Kafin rana ta faɗi mun kai ta mun dawo. Duk abin ya ƙare cikin yini guda, kamar yadda littafin Babban Malam yake so.

A kwanakin zaman makoki na yi ta tisa maganar Kawu, kuma ko ta ina na juya ta sai in ga gaskiya tana tsaye a fili. A bakin rijiya. Yaushe Baba ya taɓa riƙe guga? Kuma yaushe Kawu, wanda gaisuwa kawai ke haɗa shi da Baba, zai tako keke daga Yola cikin wannan rana saboda ciwon cikin maɗinki? Ni da aka haifa a gidan da kaza yake ƙwai, ni ne na saurari kawuna da kunnen baƙo. Har na ce masa "ka gaya masa", shi kuma ya ji daidai, don a kunnensa haka ake faɗa. Da na yi masa bayani daga baya, bai gane inda matsalar take ba. Ya ce, "Ai na gaya maka. Na ce yana kiran sunanka." A wurinsa wannan kaɗai ya isa, don mutum ɗaya ne a duniya wanda kiran sunana a bakinsa labari ne.

Na sami Yafendo a bayan ɗaki tana wanke ƙore. Na durƙusa kusa da ita na ce, "Yafendo, da gaske ta kira?"

"Ya kira."

"Sau nawa?"

"Wa ya ƙirga? Tun safe. In ya farfaɗo sai ya kira, ya dubi ƙofa."

"Yaya ta faɗe shi? Cikakke, ko yadda Baba yake gajarta shi?"

Ta dube ni, ta buɗe baki kamar za ta gwada, sai ta mayar da kai kan ƙwarya. "Yadda ake faɗa," in ji ta. Ban sake tambaya ba. Sunana ba baƙon suna ba ne, a kowace kasuwa akwai masu shi da yawa. Har na tsufa, in mace ta ƙwala shi a kasuwar Jimeta, da irin lanƙwasar harshen Yola, sai na tsaya na waiga, ko da na san da ɗan wani take.

Babban Malam ya zo gaisuwa ranar uku. Ya cire takalmi ya zauna a ƙarshen tabarma, ya ce, "Allah ya jiƙansa." Ban gyara masa ba, kuma daga ranar ban sake gyara wa kowa ba. Da na raka shi bakin hanya ya dafa ni ya ce, "Ɗan Kano, ba laifinka ba ne. Kuskure ne. Kai ka ba ni kalmar." Na ce masa da zai yiwu da na karɓe abata. Na kuma gaya masa wankin cikin nan da yake faɗa na 'yan kallo ne, masu tashi su kakkaɓe riga su tafi gida. Ya yi tari, ya hau kekensa.

Da a nan abin ya tsaya, da na rungumi kalmar na lallaɓa rayuwata da ita. Harshe ne ya yaudare ni, wa zai kama ni? To amma akwai ranar bakwai.

Da safe ne, baƙi sun ragu. Na tarar da Baba a shagonsa na zaure, zaune gaban keken ɗinki, bai buɗe shi ba. Ya kira sunana, na zo na tsuguna. Ba faɗa a muryarsa, tambaya ce kawai ta wanda abu ya ɗaure wa kai.

"Me ya riƙe ka? Kawunka ya ce ya same ka tun hantsi."

Na yi saurin kare kaina, don kwana bakwai ina jiran wanda zai tambaye ni. Na ce, "Wallahi Baba, ban san ita ba ce. Cewa ya yi tsohonka. Na ɗauka kai ne."

Sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa. Na so in kamo ta, ba hali. Baba ya dube ni, ya dubi hannuwansa. Ya ɗauki wani guntun zare daga kan rigarsa ya yar.

"To," ya ce. "Allah ya yi maka albarka. Je ka ka karya."

Bai sake tayar da zancen ba, ni ma ban samu bakin tayarwa ba. Muka ci gaba da zama lafiya. Ya ɗinka mini kayan aurena da hannunsa, ya yi wa 'ya'yana huɗuba. Amma wasiyya ta ƙare a gidanmu. Ciki ya murɗa masa, sai ya jiƙa kanwa ya sha ya yi shiru. Da farko har muna tsokanarsa, muna cewa Baba ya warke. Ni kaɗai na san abin da ya warkar da shi, kuma kowace Juma'a in na je gaishe shi sai in ƙudurta yau zan yi magana, in dawo ban yi ba.

Shekaru bayan haka, ina zaune da iyalina a unguwar Demsawo cikin Jimeta, ina koyarwa a makarantar nan dai, har na gaji Babban Malam da ƙaramin littafinsa. Wata Laraba da rana ina cikin aji, na rubuta "kuskure" a allo ke nan, aka ce ana sallama da ni. Maƙwabcinmu ne na Wuro Hausa. Wannan karon ba wani ruɗani a saƙon, kuma ba sauran abin yi wa sauri: Baba ya riga ya cika.

Kwana uku Baba ya yi a kwance, tafiyar keke kaɗan tsakanina da shi. Ƙanwata da ta yi jinyarsa, wadda take kirana Hamma, wato yaya da Fulatanci, ta ce tun ranar farko suka so a aiko mini, ya hana. Ya ce, "Ku bar shi, yana da aiki." Sun sake roƙo, ya sake hanawa, har ya yi fushi. Ta miƙo mini babban almakashi a naɗe cikin ƙyalle, ta ce shi ya ce a ba ni.

Na tambaye ta ko ya ce wani abu a kaina. Ta ce duk wanda ya yi sallama a zaure sai ya ɗago kai ya dubi ƙofa, in ya ga mai shigowa ya mayar da kai.

Na ce, "Ya kira ni?"

Ta ce, "A'a, Hamma. Sunan kowa ya kira, ban da naka."